Yatsa a Rabin Maɓalli

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Tsaya-Haka ya tsayar da babur a ƙofar gidan. Ba sunansa na yanka ba ne, amma da shi kowa ya san shi. Shekara goma sha tara yana ɗaukar hoto, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamararsa ya sha wannan tsawar. Har 'ya'yansa, in ya ba da baya, haka suke kiransa.

A bayan babur ɗin yayarsa ce, hannu ɗaya riƙe da ledar magani, ɗayan dafe da gwiwa. Daga asibiti ya ɗauko ta. Ita ta raine shi tun uwarsu ta rasu ta bar shi yana rarrafe. Ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya daɗe a ƙasa, duk duniya ba ta da kowa sai shi. To amma ka san halin ɗan'adam, inuwar da ya fi sha ita ya fi rainawa. Tun daga ƙofar asibiti yake mita: ta ɓata masa yini, ta cika nauyi, tayar baya saura kaɗan ta fashe.

"Auta, magariba ta kawo kai fa," in ji ta. "Ba ka bari sai gobe?"

"Goben ma ai wani ciwon za ki ƙirƙiro. Sauka ki zauna a dakalin nan. Minti goma ne."

Ta sauka da ƙyar. Bai miƙa mata hannu ba. Ta zauna, ta ɗora ledar a cinya, ta bi shi da kallo har ya buɗe kwaɗon ya shige.

Aikin ba wani mai wuya ba ne. Wani dillali ne ya ba shi makulli, ya ce ya ɗauki hoton kowane ɗaki, akwai mai son sayen gidan da ke nesa yana so ya gani. Gidan bene ne, shekara shida ba kowa a ciki. Da dillalin zai miƙa makullin, sai da ya ce masa ya je da rana. Ya sake maimaitawa a bakin ƙofa. Bai faɗi dalili ba, shi kuma Tsaya-Haka ba mai tambaya ba ne, domin a ganinsa tambaya aikin wanda bai sani ba ne.

A wajen aiki kam, sai dai a ƙi shi don halinsa. Kyamarorin yanzu suna da wayo, su suke nemo abin da za su saita da kansu. Wani ɗan akwati ne ke yawo a allon baya, in ya sami fuska sai ya maƙale mata, gilashin gaba ya juya har fuskar ta fito tar, sauran abubuwa su yi dishi-dishi. Yaran zamani a haka suke barin ta, su yi ta dannawa. Shi ko kusa. Yakan tsayar da akwatin a tsakiya, ya auna idon mutum, ya danna maɓalli rabi kawai. Sai kyamara ta ce tit, akwatin ya koma kore, saiti ya kulle a daidai wannan nisan. Muddin yatsa na nan a rabi, ko ina ka juya kyamarar nisan nan ba ya canzawa. Sai ya juya ta yadda yake so hoton ya zauna, sannan ya ƙarasa dannawa. Yakan ce wanda ya bar wa inji zaɓi, bawan inji ne.

Amma ranar sauri yake. Ɗakuna ne babu mutane, wa zai tsaya auna ido? Sai ya murɗa ta zuwa inda take nema da kanta, ta kuma bi abin da ta samu duk inda ya motsa.

Falo, ƙyas. Kicin, ƙyas. Ɗakunan ƙasa biyu da banɗaki, ƙyas, ƙyas. Ƙura ta kwanta a kan tayil kamar an shimfiɗa bargo, babu sawun kowa sai nasa. Ya hau bene yana tsaki, yana lissafin yadda zai kai tsohuwar nan gida kafin ya huta.

Ɗakin ƙarshe dogo ne, da taga guda mai kallon yamma. Jan hasken rana ya shigo ya kwanta a ƙasa. Kamar yadda kowane mai hoto yake yi in yana so ɗaki ya fito gaba ɗaya, ya taka har kusurwar can ciki, ya jingina bayansa da bango, ya fuskanci ƙofa. Ya ɗaga kyamara.

Akwatin ya tsaya a kan ƙofa. Sai ya yi tsalle.

Gilashin ya juya, zzzt. Ƙofar ta yi hazo. Bango ya yi hazo. Akwatin ya tsaya cak a tsakiyar iska, inda babu komai.

"Kai, wannan tsohuwar ma ta fara," in ji shi. Ya sauke ta, ya goge gilashin da gefen riga, ya sake ɗagawa.

Akwatin ya koma wurin nan dai. A ƙasan allon akwai 'yar lamba mai nuna nisan abin da aka saita. Mita shida.

Ya ɗaga kai ya duba da idonsa. Ɗaki fayau, ƙura na yawo a cikin jan haske. Ya mayar da ido kan allo.

Mita biyar.

Zzzt.

Huɗu da rabi.

Kyamara ba ta san tsoro ba, ba ta san ƙarya ba. Abin da yake motsi take bi. Wannan ya fi kowa sani, kuma sanin ne ya sa gashin wuyansa ya miƙe.

Sai ya ji warin. Kamar an ƙona gashi, an yayyafa masa ruwa. Sannan sanyi, ba na iska ba, irin wanda ke fitowa daga bakin tsohuwar rijiya. A ƙasa, ƙurar ta fara buɗewa, wani faffaɗan layi yana tahowa daga ƙofa, kamar ana jan jiƙaƙƙen buhu.

Mita huɗu.

Bayansa bango. Damansa bango. Tagar da ƙarfe. Hanya ɗaya ce, kuma abin yana kanta.

Uku.

Ba tunani ya yi ba. Hannun da ya shekara goma sha tara yana abu ɗaya ne ya yi aikinsa. Babban yatsa ya murɗa ta ta koma yadda ya saba, manuni ya sauka a kan maɓalli, rabi.

Tit.

Akwatin ya koma kore.

Layin ƙurar ya tsaya. Lambar ta tsaya a mita biyu, taku uku ke nan. Daga cikin iskar da ke gabansa ya ji wani gurnani gajere, irin na dabbar da igiya ta fizge ta tana tsaka da gudu.

Bai ɗaga yatsan ba.

Kyamarar ta ɗan karkata hagu a hannunsa. Ƙurar ma ta karkata hagu, ta ja wani lanƙwasasshen layi. Akwai wata tsaka maƙale a bango daidai wurin. Koren akwatin ya ratsa ta kanta kawai. Ta faɗo tim, a bushe, kamar ta shekara da mutuwa.

Ya mayar da kyamarar dama a hankali. Layin ya biyo.

Nan ya gane. Ya kulle abin kamar yadda yake kulle idon mutum. Yana nan taku uku daga gilashi, ba ya matsowa, ba ya ja da baya, kuma duk inda ya juya kyamara can yake kai shi.

Wani ɗan ƙarfin hali ya dawo masa. Ya auna bangon hagu, ya fara raɓawa ta dama, taku bayan taku, kafaɗarsa na gogar fenti. Ya wuce taga. Ya kai tsakiyar ɗaki. Ya ɗan ja da baya wajen ƙofa.

Ƙurar ta biyo shi. Taku uku.

Ya tsaya. Ashe ba tsare shi ya yi ba, ɗaure shi ya yi a jikinsa. In ya sauka bene da shi zai sauka. In ya je gida da shi zai je.

A kusurwar allo, alamar batir ta koma ja, ta fara ƙiftawa.

Rabin maɓalli ba shi da faɗi. Tsakanin saki da dannawa bai wuce kaurin farce ba. Yatsan ya fara tsami. Gumi ya gangaro ta hannun riga ya taru a tafinsa. Ya buɗe baki zai yi addu'a, harshen ya yi nauyi, farkon ma ya ɓace masa.

"Ka kama ni."

Daga iskar da ke gabansa muryar ta fito, ba ta da ƙarfi. Kamar ana shafa busasshen ganye a kan siminti.

"Ba a taɓa kama ni ba. Ka iya aiki."

"Me... me kake so?"

"Wurin zama. Na gaji da kango."

"Zan sake ka. Ka tafi abinka."

"In ka saki, kai ne wurin zamana. In wutarka ta ƙare, kai ne. In ka ƙarasa dannawa, wanda ke gaban gilashi ne."

Ya dubi bangon da yake aunawa. "To ga bango nan. A kansa zan danna."

Abin ya yi wata 'yar dariya, sanyinta ya taɓa masa fuska.

"Bango ba ya numfashi. Zan dawo wurin mai yatsa."

Jan hasken taga ya fara komawa toka. Alamar batir na ƙiftawa, sauri-sauri yanzu. Ya san kyamararsa. In ta kai haka, minti biyu ne, in an yi sa'a uku.

Sai ya ji motsi a matakala.

Taku ɗaya. Sannan jan ƙafa. Hutu. Taku ɗaya. Jan ƙafa. Kacar-kacar ɗin leda.

"Auta? Lafiya kuwa? Na ji ka shiru."

Matar da likita ya ce kada ta ƙara hawa ko dakali mai tsawo, ita ce ta hawo bene guda, tana dafa bango, don ƙaninta ya daɗe bai fito ba.

Kalma ɗaya ce. Koma. Tana kan harshensa, ya ji ɗanɗanonta. Da ya faɗe ta da irin tsawar da ya saba yi mata, da ta juya ba musu, domin ba ta taɓa yi masa musu ba. Daga baya ya sha gaya wa kansa cewa 'ya'yansa ya tuna, su uku ƙanana, wa zai riƙe su? Ƙarya yake. A wannan lokacin ko fuskar ɗayansu ba ta zo masa ba. Kansa ya tuna.

Ya haɗiye kalmar.

Ta bayyana a bakin ƙofa tana haki, gumi a goshinta. Ta gan shi tsaye yana auna bango da kyamara. Ta ɗan yamutsa hanci.

"Wane irin wari ne wannan? Fito mu tafi, gidan nan bai kwanta mini ba."

"Shigo, Yaya."

Ita kanta ta yi mamakin laushin muryar. Ta shigo.

"Matso. Ƙara taku ɗaya."

Ta ƙara. Idonsa ya auna tsakaninsu, idon da bai taɓa kuskuren nisa ba.

"Tsaya haka."

Ta dubi kyamarar, ta dube shi. Sai fuskarta ta buɗe gaba ɗaya.

"Ni? Ni za ka ɗauka?"

Shekara goma sha tara, ya ɗauki amare, ya ɗauki jarirai, ya ɗauki motoci da shaguna da awakin mutane, bai taɓa ɗaukarta ba. Sau biyu ta roƙa. Na farko ya ce ba shi da lokaci. Na biyu, a gaban mutane, ya ce kyamararsa ba ta son tsohon kaya. Aka yi dariya, ita ma ta taya su, ba ta sake tambaya ba.

"Dakata, dakata," ta ce da sauri. Ta ajiye ledar magani a ƙasa, ta tura ta gefe da ƙafa don kada ta fito. Ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ta goge gumi da bakin mayafi. "Ai da ka gaya mini tun a gida, da na sa wanda ya fi wannan."

"Haka ma ya yi."

"A ɗakin mutane kuma, ba ko kujera?"

"Hasken ne mai kyau."

Ta saki bango, ta miƙe sosai a kan gwiwar nan mai ciwo, ta haɗa hannuwa a gaba kamar 'yar makaranta.

Alamar batir ta daina ƙiftawa. Ta tsaya ja.

Ya fara juyo da kyamarar. A ƙasa ƙurar ta biyo, shuuu, tana zagayowa. A allo hazon bango ya wuce, hazon ƙofa ya wuce. Sai fuskarta ta shigo, tar. Kowane layi na goshinta, kowace furfura da ta leƙo ta gefen ɗankwali, har ɗan tabon ƙunar da ta samu a haɓa ranar da ta fizge shi daga bakin murhu. Koren akwatin ya zauna a kan idonta na dama.

Ta ɗan yi rawar ɗari.

"Auta, sanyi nake ji."

"Yi murmushi, Yaya."

Ta yi.

Ya danna.

Ƙyas.

Allon ya mutu.

Warin ya ɗauke lokaci guda, kamar an rufe tukunya. Sanyin ya tafi. A waje ya ji ƙarar wata mota tana wucewa, da muryar wata mata tana kiran ɗanta. Duniya ta dawo yadda take.

Yaya na tsaye. Murmushin na nan. Amma idon da ke samansa ba ya ƙiftawa.

"Yaya?"

Kan ya juyo gare shi a hankali. Murmushin bai motsa ba.

Ya raɓa ta gefenta da gudu. A matakala ƙafarsa ta zame, ya gangara sauran a kan haƙarƙari, ya tashi bai ko ji zafi ba. Ƙofa. Dakali. Babur. Ya buga, ya ƙi. Ya sake bugawa.

A cikin gidan, wani yana saukowa daga bene. Taf, taf, taf, taf. Babu jan ƙafa. Babu hutu.

A bugu na uku babur ɗin ya tashi. Bai waiwaya ba har gida. Ya ce wa matarsa ya sauke Yaya a ɗakinta, ya kulle ƙofa da kansa, ya ƙi cin abinci.

Da safe matar ta buɗe ƙofa za ta yi shara, ta sami Yaya tsaye a waje, ba takalmi, tafin ƙafa duk jini. Ba ta amsa gaisuwa ba. Ta ratsa ta gefen matar, ta wuce tsakar gida, ta shiga har inda yake zaune. Taku uku tsakaninsu ta tsaya.

Yau shekara huɗu ke nan.

Likitoci sun duba, sun ce ba su ga komai ba, gwiwar ma ta warke sarai, abin har ya ba su mamaki. Masu addu'a sun yi iya yinsu. Ba ta duka, ba ta zagi, ba ta magana. Abinci sai in shi ya miƙa mata. In ya tashi ta tashi, in ya zauna ta tsaya. In ya shiga banɗaki ya rufe, yana ganin inuwar ƙafafunta ta ƙarƙashin ƙofa. Ya gwada kai ta gidan wani ɗan'uwa mai nisa, kwana biyu ta dawo a ƙafa.

Shagon hoto ya rufe. Wa zai zauna a ɗauke shi, ga tsohuwa tsaye bayan mai hoto tana murmushi ba ƙiftawa? Matarsa ta jure shekara guda, sannan ta kwashe yaran ta tafi gidansu, ta ce ƙaramin ya daina barci. Mutanen unguwa kuwa yabonsa suke. In ya wuce tana biye da shi, sai ka ji ana cewa ga ƙani na gari, ya bar sana'a ya bar komai don jinyar yayarsa, ba kowa zai iya ba. Sai ya sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce.

Duk wannan yana iya ɗauka. Abin da ya kasa sabawa da shi ɗaya ne.

Wani lokaci, sau ɗaya a wata ko ƙasa da haka, daidai faɗuwar rana, sai gwiwar nan ta lanƙwashe. Ta kai hannu ta dafa bango. Murmushin ya faɗi, idon ya ƙifta, ta yi ta waige-waige a firgice kamar wadda aka tasa daga mugun mafarki. Sai ta gan shi, hankalinta ya kwanta.

"Auta," takan ce, da muryarta ta da, a gajiye. "Inda nake akwai duhu. Ban san me ya same ni ba. Kai dai kana lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya."

"To madalla. Hoton nan fa, ya fito?"

Ya fito. Ya duba shi sau ɗaya. Duk tsawon aikinsa bai taɓa ɗaukar wanda ya kai shi kyau ba.

"Ya fito."

"Na yi kyau?"

"Kin yi kyau."

"Allah ya yi maka albarka. Ni dai na san wata rana za ka ɗauke ni."

Sai gwiwar ta miƙe.